Batir biyu da altaneta ɗaya cikin wata shida, yanzu kuma wai ƙwaƙwalwar motar ce: in biya?

Ɗan Runjin Sambo:

Assalamu alaikum. Masana wutar mota, shawara nake nema kafin in sake zuba kuɗi.

Ƙaramar mota ce mai injin 1.3, ƙirar 2012, 'yar Beljiyam, sitiyarinta na lantarki. Ciwonta iri biyu ne. In ta kwana biyu ko uku a ajiye ba ta tashi, sai dai ƙas-ƙas, sai an jona mata wani batir. In kullum ana hawanta kuwa lafiya lau. Na biyu kuma da dare yake zuwa: in fitila da AC suna kunne, musamman ana murza sitiyari a hankali wajen fakin, sai fitilun batir da na birkin ABS da na sitiyari su yi walƙiya a dashbod, sitiyarin ya yi nauyi na 'yan daƙiƙu, sannan komai ya koma daidai.

A garejin dilan da aka sayi motar sun canza batir sau biyu, mai 45Ah, sun canza altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, sau ɗaya. Duk zuwa sai su sa mata kwamfuta su goge, a yi sati biyu abin ya dawo. Yanzu sun ce ƙwaƙwalwar injin ce, wato kwamfutar da ke sarrafa shi. In biya, ko akwai abin da ya kamata a fara dubawa?

Mai Wayarin Mabera:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka biya tukuna. Ƙwaƙwalwa tana lalacewa, amma ita ce ta ƙarshe a layin zargi, kuma babu abin da ka faɗa da ya nuna ta. Abin da na gani a bayaninka shi ne ba wanda ya faɗa maka lamba ko ɗaya. Aikin wuta awo ne. Ka nemi maltimita, wato mitar auna wuta, ko ka tsaya kan mai wayarin ya auna a gabanka, ka rubuta abin da ta nuna.

Fara da batirin. Da safe, kafin a taɓa makulli, sa mita a kan DC 20, jan tsinke a kan fozitif, baƙi a kan negatif. Cikakken batir yana ba da bolt 12.6. In 12.4 ne ya ɗan sauka, 12.2 kusan rabi ya tafi, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. Sai wani ya murza makulli kana kallon mitar: lokacin da kik ke juya injin, kada ta faɗi ƙasa da 9.6. Da injin ya tashi ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. Kunna fitila da AC da fanka, ka ɗan taka mai har agogon gudun injin ya kai 2000, ka ga ko za ta riƙe sama da 13.5. Wasu motocin zamani ƙwaƙwalwa ce ke sarrafa cajinsu, takan sauke shi zuwa wajen 13 da gangan in batir ya cika, don haka gwajin da ake yi da kaya a kunne shi ne abin dogaro.

Sai babban gwajin, na abin da ke shan batir in mota tana kashe. Ga yadda ake yi, don a nan mutane ke kuskure:

Zare makulli, kashe komai. Buɗe bonet da ƙofar direba, amma ka sa sukudireba ka danna harshen makullin ƙofar ya rufe, don motar ta ɗauka a rufe take. Mayar da jan tsinken mitar ramin da aka rubuta 10A, ka juya ta kan amfiya DC. Sassauta kan negatif, ka ɗora tsinke ɗaya a kan dalmar batirin, ɗaya a kan matsewar wayar, sannan ka ɗaga matsewar. Haka wutar ba ta yankewa, sai ta bi ta cikin mitar. Kada a murza makulli a wannan hali, fiyus ɗin mitar zai ƙone nan take. Ka jira minti 20 zuwa 40, domin na'urorin motar ba lokaci ɗaya suke yin barci ba. Wanda ya auna a minti biyu na farko zai ga lamba mai yawa ya ce ya kama ɓarawo, alhali motar ce ba ta gama kwanciya ba.

Bayan ta kwanta, abin da ya halatta shi ne ƙasa da amfiya 0.05, wato miliamfiya 50. Wannan 1.2Ah ke nan a yini, batir mai 45Ah zai yi makonni bai ji ba. In ka ga 0.3 ko 0.5, to akwai mai sha. Sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, na cikin ɗaki da na gefen injin, ana kallon mitar. Wanda aka zare lambar ta faɗi, layinsa ne. Ka ɗauki hoton akwatin fiyus kafin a fara, don kowanne ya koma raminsa.

In an zare duka lambar ba ta motsa ba, koma kan altaneta. A cikinta akwai dayod da ke barin wuta ta fita zuwa batir, ta hana ta komowa. In ɗaya ta fashe, altanetar za ta ci gaba da caji da rana, da dare kuma ta riƙa tsotse batirin. Cire negatif gaba ɗaya, kwance babbar wayar da ke bayan altanetar, naɗe bakinta da tef, ka maimaita gwajin. Wata alamar kuma: juya mitar zuwa inda aka rubuta AC a jikinta (ba AC na sanyi ba) ka auna kan batir injin yana aiki. Lafiyayyar altaneta tana ba da ƙasa da 0.1, in ta kai 0.5, dayod ta tafi. Wai an canza altaneta ba hujja ba ce, in 'yar gwanjo aka saka mai yiwuwa da ciwonta ta zo.

Wuraren da aka fi kama mai sha: fitilar but da ba ta mutuwa (sa wayarka tana ɗaukar bidiyo a ciki ka rufe, ƙwan wat 5 kaɗai yana jan kusan amfiya 0.4), rili (ɗan makunnin da wuta ke sarrafawa) da ya liƙe, cajar waya da aka bari a soket mai wuta kullum, da duk abin da aka ƙara wa motar bayan ta baro kamfani. Me aka ƙara mata? Rediyo mai allo, tiraka, alam, fitilu, ham? Faɗa mana.

Baba Mai Batir:

Abin da Malam na Mabera ya faɗi daidai ne, sai dai ya tsaya ga ciwo guda, mota kuwa ciwo biyu gare ta. Mutuwar batir a ajiye daban, walƙiyar fitilu daban. Ɗana, ka lura da lokacin da abin ke zo maka: fitila kunne, AC kunne, kana murza sitiyari mota na tafiya a hankali. Wannan shi ne lokacin da mota ta fi jan wuta, injin kuma na ƙasa, altaneta ba ta ba da ƙarfinta duka. Sitiyarin lantarki ba ƙaramin maci ba ne, dubi fiyus nashi, za ka ga 50 ko 60. In hanyar wuta ta ƙuntata wani wuri, to daidai nan za ta gaza, na'urorin su ga wuta ta sauka, kowace ta kunna fitilarta. ABS ba ta lalace ba, sitiyari bai lalace ba, yunwa ce sunka ji tare.

Hanyar da ta fi ƙuntata ita ce wayar jiki. Wutar mota ta fozitif take fita, ta jikin ƙarfe take komowa. Akwai gajeriyar waya mai kauri daga negatif zuwa jikin mota, akwai wata daga injin ko giyabos zuwa jiki. Motocin ga da anka kawo daga Turai sun sha gishirin da ake zuba ma titi lokacin ƙanƙara, tsatsa ta riga ta shiga ƙarƙashin noti da cikin robar wayar. Daga waje sai ka gan ta sumul, in ka yanke ta ka iske cikinta kore kamar kuka. Wani lokaci kuma an sauke giyabos ko an canza kuloci, yaron gareji ya manta bai ɗaure ta ba, ko ya ɗaura ta bisa fenti.

Ba a gwada ta da ido, ba a gwada ta da ƙarar mita. Silin waya guda da ya rage zai sa mita ta yi ƙara, amma ba zai ɗauki amfiya ɗari na kik ba. Sa mita ga DC, tsinke guda bisa dalmar negatif ita kanta, ba matsewa ba, guda bisa ƙarfen injin mai tsabta, a murza makulli. Kada ta wuce 0.2, in an yi sassauci 0.3. Ka yi haka tsakanin negatif da jikin mota, fitila da AC na kunne. Ka yi tsakanin bayan altaneta da fozitif, shi ma kada ya wuce 0.3. In babu mita, ɗauki wayar jona batir guda, ka maƙala daga negatif zuwa ƙarfen injin, ka kunna komai ka murza sitiyari mota na tsaye. In walƙiyar ta ɗauke, ka gane.

A duba fanbel kuma. In ya saki ko ya yi santsi, da AC ta kama sai ya zame bisa fulin altaneta, caji ya faɗi. Sau da yawa za ka ji shi da kuka da safe.

Sai maganar garinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato na wuce digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin bonet kuwa sai wanda ya sa hannu. Zafi shi ke cin batir, ba sanyi ba. Sanyin hunturu tona asirin wanda zafi ya riga ya cinye kawai yake yi. In batirinka mai marufai ne, duba ruwansa duk wata, ya rufe faranti, a ƙara ruwan batir tatacce. Ban da asid, ban da fiya wata, ban da ruwan rijiya. Farin garin da ke taruwa bisa kai a wanke shi da ruwan zafi da ɗan bekin soda, a goge dalma da cikin matsewa da samfefa, a ɗaure har hannu ya kasa juya shi, sannan a shafa basilin daga sama. Kan da anka cusa ma ƙusa ko gwangwani don ya matse, a jefar a sayi sabo. Ƙurar hunturu na shiga soket, damina ta zo ta mayar da ita laka, sai kore ya fito. Masu wankin mota da ke harba ruwan inji cikin bonet, su ke kai ruwa akwatin fiyus da cikin altaneta. In kuma gidanku ana aje gero ko dawa kusa da inda mota ke kwana, haska tocila bayan injin ka nemi aikin ɓera.

Abu biyu kada ka yarda a yi ma motarka ko wane ne. Cire kan batir injin na aiki wai a gwada caji: wannan dabarar zamanin motocin kafireto ce, ga mota mai ƙwaƙwalwa wutar na iya tsalle ta ƙone dayod ko ƙwaƙwalwar ita kanta. Sai naɗa waya ga fiyus da ya ƙone, ko sa babba wurin ƙarami. Ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Inda kamfani ya sa ja, ja za a mayar. Fiyus da ke ƙonewa kullum gaya maka yake waya na gogar ƙarfe wani wuri.

Injiniyan Arkilla:

Baba da Malam sun gama da ƙarfe, ni bari in taɓa zama da dilan, don rabin asarar a nan take.

Goge lambobin da suke yi duk zuwa shi ne babban abin da ke hana a gano ciwon. Kwamfutar ba gyara take yi ba, karanto abin da motar ta rubuta take yi. In an goge an share shaida ke nan. Nan gaba kafin a danna komai, a karanto dukan na'urorin, ba injin kaɗai ba, har ABS da sitiyari da na jiki, ka ɗauki hoton allon. Akwai shafin da ke nuna halin da motar take ciki lokacin da lambar ta shiga: gudun injin, zafinsa, a wasu motocin har da ƙarfin wuta. Shi ma ka ɗauka. In ka ga P0562, ma'anarta wutar mota ta yi ƙasa. P0563 wuta ta yi yawa, wanda ke nuna regileta, mai daidaita cajin altaneta. Lambobi masu farawa da U, irin U0100, na yankewar magana ne tsakanin na'urori. In U suka fito da yawa a na'urori daban-daban lokaci guda, ga kuma lambar ƙarancin wuta, to ba dukansu ne suka lalace rana ɗaya ba, wutar da ke ciyar da su ce ta yanke. Da yawa ana ganin U0100 sai a ce ƙwaƙwalwa ta mutu.

In sun dage, ka yi musu tambaya uku. Wace lamba ce ta nuna ƙwaƙwalwar? An auna wutar shiga da ta jiki a kan soket ɗinta, nawa aka samu? In an saka wata ciwon ya dawo, wa zai ɗauki kuɗin? Amsar ta ukun a rubuce. Ka sani kuma a yawancin motocin wannan shekarun ƙwaƙwalwa tana ɗaure da makulli, in an canza ta sai an sake haɗa su da kwamfuta, wani kuɗin ne daban, kuma 'yar gwanjo dole lambar jikinta ta yi daidai da ta asali.

Duk shigar da mota za ta yi gareji, a rubuta katin aiki: kwanan wata, kilomita, ƙorafinka da kalmominka, abin da aka auna, abin da aka canza, sabo ne ko na gwanjo. A ba ka tsohon kayan da aka cire, naka ne. Tsohuwar altanetarka ma mai yiwuwa lafiyarta ƙalau, ko gawayinta kawai ya cinye, wanda ƙaramin gyara ne. Rasit ɗin batir da katin garantinsa su zauna a hannunka ba a durowarsu ba.

Ka bambance dila iri biyu. Dilan sabuwar mota mai wakiltar kamfani yana da garanti a rubuce, na shekaru ko kilomita, kuma irin wannan garantin yakan faɗi a kan layin da aka yanke waya aka jona wani abu a waje. Mai sayar da 'yan Beljiyam kuwa babu garantin kamfani a bayansa, sai abin da kuka rubuta tsakaninku. Amma aikin gyaran da ka biya, wannan hakkinka ne. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda aka yi wa aiki mara inganci damar neman a sake aikin ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa, kuma ana shigar da ƙorafi ta shafin hukumar a intanet. Ba da nan ake farawa ba. Fara da maigidan wurin, ba yaran ba, cikin mutunci, da takardunka a hannu. In bai yiwu ba, shugabannin ƙungiyar makanikai ko ta masu sayar da motoci sukan sasanta irin wannan. Sai dai ko ina za ka je, wanda ba shi da takarda labari kawai yake bayarwa.

Ɗan Runjin Sambo:

Allah ya saka da alheri, Baba da Malam da Injiniya. An yi awon jiya da yau. Da safe bayan kwana ɗaya a ajiye: 12.2. Lokacin tayarwa ta sauka 9.9. Injin na aiki 14.1, da fitila da AC a 2000 kuma 13.7. Da aka juya mitar zuwa AC, a kan batir 0.04. Abin da take sha a kashe bayan minti 30: 0.42. Da aka zare shuɗin fiyus na rediyo ya koma 0.03. Rediyon mai allo ne na Android, an saka shi bayan saye, na manta ban faɗa ba. Akwai tiraka kuma. Daga negatif zuwa injin lokacin tayarwa 0.7, zuwa jikin mota da kaya a kunne 0.4. Me ya rage?

Mai Wayarin Mabera:

To Malam, ga su nan duka biyun, kuma Baba ya yi gaskiya. Altanetarka lafiya lau, lambobinta sun wanke ta.

Amfiya 0.42 sau awa 24 ya kama kusan 10 a yini. Kwana uku 30 ke nan daga cikin 45, shi ya sa take ƙas-ƙas. Rediyon yana da wayar wuta biyu: rawaya mai wuta kullum, wadda ke riƙe masa agogo da tashoshi, da ja wadda ya kamata ta samu wuta sai an murza makulli. Mai saurin aiki sai ya murɗe su wuri ɗaya ya jona a layin da ba ya mutuwa, allo ya yi duhu amma cikinsa yana aiki. A zaro rediyon, a raba su, a kai jar kan layin makulli, a tabbatar da mita cewa wutarta na ɗaukewa in an zare makulli. In akwai amfilifaya, siririyar shuɗiyar wayar da ke kunna ta ita ma ta mutu tare da rediyon. A haɗa da narkakkiyar dalma ko matsewa a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, ban da murɗawa da tef, zafin nan yana narkar da gam ɗin tef ya warware. In an raba su daidai kuma bai sauka ba, shiga saitin rediyon ka rage lokacin barcinsa, ko ɗan akwatin da ke haɗa shi da motar ne ke hana ta kwanciya. Bayan an mayar da fiyus a sake jira minti 30 a auna. Tirakar ba ta da laifi, tunda da ita a jone aka samu 0.03, sai dai a duba ko an sa mata fiyus nata.

Wayoyin jiki duka biyu a kwance su. Kankare wurin zamansu har ƙarfe ya yi fari, sabon noti da washa, a ɗaure tamau, a shafa giris daga sama. Da 0.7 ni ba zan tsaya wanki ba, a sa sabuwar ta jan ƙarfe zalla mai kaurin 25mm², ban da mai aluminiyam da aka rina, a matse kawunanta da abin matsewa ba da guduma ba. In akwai ɗan firikwensin caji a kan negatif ɗin batirinka, sabuwar wayar ta bi ta bayansa, kada a tsallake shi a ɗaura a kan dalma. Sai a maimaita awon, a nemi ƙasa da 0.2.

Batirin kuma ya sha faɗuwa ƙasa sau da yawa, kowace faɗuwa tana rage masa ƙarfi, kuma zirga-zirgar Runjin Sambo zuwa kasuwa da AC ba za ta cika shi ba. A sauke shi a sa a caja a hankali, amfiya 4 zuwa 5, awa 10 zuwa 12, ban da cajin gaggawa. A bar shi ya huta dare ɗaya. In ya tsaya a 12.5 ko sama, kuma bai faɗi ƙasa da 9.6 wajen tayarwa ba, ci gaba da shi. In ya zame zuwa 12.2 shi kaɗai ba a jone da komai ba, ɗauki katin garantinsa ka mayar. Bayan an gama duka sai a goge lambobin sau ɗaya, ka yi sati biyu kana hawa, ka bar ta kwana uku a ajiye da gangan, sannan a sake karantawa a ga ko akwai wadda ta dawo.